Ƙwan da Ba Ya Son Kwanci

Ya fito. Wallahi ya fito. Ɗaya ne a cikin biyun, amma ya fito, yanzu haka yana maƙale a jikin wani ɗan reshe yana lasar idonsa da harshe, tsawonsa bai kai ƙaramin yatsana ba. Yatsuna sun fi kaina gudu yau, in kun ga na haɗiye wani harafi ku yi haƙuri, ku cike da kanku.

Tayyib, bari in koma baya, don na san wasunku suna cewa wane ne ya fito, daga ina.

Tsaka nake kiwo. E, tsaka. Na san fuskar da kuka yi, ita Umma ta yi ranar farko. Amma ba irin ta bayan firij ɗin gidanku ba ce, wadda ke fitowa bango in an kunna fitila. Wannan asalinta wani daji ne mai sanyi da laima a Madagaska, kuma wutsiyarta faffaɗa ce, sak busasshen ganye, har da jijiyoyin ganye, har da 'yan ɓulolin gefe kamar tsutsa ta ɗan ci. Launinta na ganyen da ya faɗo ya kwana biyu a ƙasa. In ta rataye a reshe ta yi shiru, sai ka zo ka tsaya a gabanta kana tambaya ina take. Ni ɗalibin ilimin halittu ne, a nan Makka aka haife ni, a Aziziyya muke zaune, kuma tun ranar da na ga hotonta a wani gurub na masu kiwon irin waɗannan dabbobi kaina ya tafi, kalas, shi ke nan.

Wani ɗan Jidda da ke kiwonsu a shuggarsa, wato gidansa na bene, shi ne ya ba ni biyu, mace da namiji, waɗanda a hannunsa aka ƙyanƙyashe su, ba daga daji aka kamo su ba. Sai da ya yi mini tambayoyi kamar zai ba ni 'yarsa. Mukayyif ɗin ɗakinka, na'urar sanyaya ɗaki, yana aiki kullum? Wa ke kashe shi? In wuta ta ɗauke fa? Na ce ya akhi tsaka ce fa. Ya ce shi ya sa, mutum in zafi ya dame shi zai tashi ya buɗe firij, ita mutuwa za ta yi.

Gaskiyarsa ce. Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan. Mu a nan mun saba duk wani mai jan ciki rana yake so, ƙadangare ya hau dutse ya shanya kansa. Ita wannan zafin da kai za ka ce yau gari da daɗi, ita ya isa ya kashe ta. Ka ɗauko dabbar da ke son sanyi ka kawo ta Makka, ka ga ai ka nemi aiki. Ɗakina ya koma kamar wurin ajiye kayan miya. Ina karatu da rigar sanyi a tsakiyar bazara. Bayan magariba in fesa musu ruwa a jikin ganye, su lashe, don ba sa sha a kwano. In ba su gyare, wani lokaci 'yan kyankyasai na kiwo, in barbaɗa musu farar hodar kalsiyam. Macen kuma tana son ƙananan dodon-koɗi, da ɓawonsu take cinyewa, ashe da shi take gina ɓawon ƙwai. Har wasu 'yan jakunkuna farare gare ta a gefen wuya inda take tara abin. Na daɗe ina kallon wannan wuyan ina tunani, wa ya gaya mata ta yi ajiya?

Umma ba ta shiga ɗakin. Daga bakin ƙofa take tsayawa.

"Waɗannan abubuwan naka ba sa fitowa dai ko?"

"Ba sa fitowa, Umma."

"In na ga ɗaya a kicin, wallahi kai da su duk waje."

Cikin azumi macen ta fara yin nauyi. Ƙwan farko da ta yi manna shi ta yi a jikin gilashin kejinsu, rawaya-rawaya, taushi kamar cingam. Na yi ta murna, na tura hoto gurub. Aka yi mini dariya marra, ba kaɗan ba. Wai wannan fanko ne, babu komai ciki, na gaske ba ta manna shi, ƙasa take sauka ta ɓoye. Na shanye kunyata na ci gaba da leƙe. Bayan ƙaramar salla, wata safiya na ga ƙafafunta na baya da ƙasa-ƙasa, cikinta ya faɗa. Na ɗaga ganyayen da ke ƙasan kejin ɗaya bayan ɗaya, sai ga su. Biyu. Zagayayyu kamar ƙwallon gyaɗa, masu tauri, ta mulmula su da ƙasa har farinsu ya ɓace.

A nan ne karatun gaske ya fara. Ƙwan nan doka biyu gare shi, kuma duk biyun sun saba wa abin da kowa ya sani game da ƙwai. Ta farko, ba a juya shi. Yadda uwar ta ajiye shi haka zai zauna har ya fashe, don ɗan yana kama wuri ɗaya a ciki, in ka kifa shi kana iya danne shi da abincinsa. Shi ya sa kafin in ɗaga na ɗiga wa kowanne ɗigon fensir a sama. Ta biyu, ba a ɗumama shi. Uwar ma ba ta kwanciya a kai, ajiyewa take yi ta hau reshe ta manta. Abin da yake so sanyi-sanyi ne, irin na ɗaki mai mukayyif, da iska mai laima, amma ruwa kada ya taɓa ɓawon.

Sai na samo murfin gorar ruwa guda biyu, na zuba busasshen yashi, na zaunar da kowane ƙwai a nasa. Na jera su a cikin roba mai murfi, a kan wasu fararen tsakuwoyi marasa nauyi da masu sayar da shuke-shuke ke sayarwa, waɗanda na jiƙa. Robar kuma na saka ta cikin kular soso irin ta ƙanƙara, da ɗan ma'aunin zafi a gefe. Bayan 'yan makonni na kashe fitila na haska tocilar waya ta gefen ƙwan ba tare da na ɗaga shi ba. Ciki ja-ja ne, da wasu siraran zare kamar taswira. Jini ne. Dukansu biyu. Ban taɓa ganin rai tun yana zare ba sai ranar.

Sai mausim ya ƙarato.

Wanda ba ɗan Makka ba ne bari in gaya masa. In aikin Hajji ya zo, mu 'yan Aziziyya da yawa tattara kaya muke yi mu bar wa alhazai gidan. Haka muka tashi muka gani. A kulle kayanmu a ɗaki ɗaya, a jera gadaje a falo, kowa ya nemi inda zai raɓa. Baba yana tuƙin bas ɗin alhazai, ba a ganinsa sai an gama. Umma da ƙannena Jidda suke tafiya wajen ƙanwarta. Ni kuma na samu aikin mausim a wani sansani a Arfa, rabon abinci da ruwa. Manyan tsakokin dai na roƙi Umma har ta yarda a saka kejin a motar da za ta kai su Jidda, ɗan Jiddan nan ya karɓa ya riƙe mini. Ta ce a rufe shi da zane kada su kalle ta. Amma ƙwan ba zai yi wannan doguwar hanyar ba, girgiza da zafi, ko'ina aka taka burki zai iya mirginawa. Wuri mafi kusa shi ne unguwar Jarwal a nan Makka, ɗakin kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Sitti.

Ga inda matsalar take. Sitti tana jin Larabci, amma na kasuwa da na gaisuwa, in magana ta yi tsawo sai ta ce a yi mata da Hausa. Ni kuma Hausata kun dai gani, ta gida ce, ta ci abinci ka tashi ka yi salla. Duk abin da na karanta kan ƙwan nan da Larabci na karanta shi. Sai na je wajen Umma tana naɗe labule.

"Umma, in ƙwai yana zaune yana jiran ya fashe, ya ake cewa da Hausa?"

"Kamar na kaza?"

"Ya'ni, kusan haka."

"Kwanci. Kaza ta yi kwanci."

Kwanci. Kalmar ta yi mini daɗi a baki, na riƙe ta gam, ina jin na samu makami.

Wani abokina ya kai ni Jarwal a motarsa, ina rungume da kular a cinya kamar jinjiri, ina ce masa shwayya shwayya, a hankali, yana ce mini ya sheikh ana yi mana hon. Na hau benen da ƙafa, ina ɗaga ƙafa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Sitti tana zaune a kan dardumarta, ta miƙe ƙafafu tana shafa man zafi a gwiwa. Ni da ita wasan jika da kaka muke yi, mijinta take kirana.

"A'a, maigida, yau ka tuna kana da mata? Me ka kawo mini a kula, nama?"

"Ƙwai ne, Sitti."

"Miji ba cefane sai ƙwai. Nawa ne?"

"Biyu. Amma ba na ci ba ne. Na tsaka ne."

Ta daina shafa man. Ta dube ni, ta dubi kular, ta jawo silifanta kusa.

"Tsaka ka kawo mini ɗaki. Tsaka da ake bi da takalmi. Wadda in ta faɗa abinci sai a zubar."

Na ce ba irin wannan ba ce, na ciro waya na nuna mata hoto. Ta saka tabarau, ta kawo wayar kusa, ta kai ta nesa.

"Ina tsakar?"

"Ga ta nan a tsakiya."

"Ni ganye nake gani."

"Shi ne ita."

"Kai dai ka raina ni." Ta ƙara dubawa, har sai da na nuna mata idon da yatsa. Sai ta ce ikon Allah, a hankali, ta daɗe ba ta mayar mini da wayar ba. Daga baya ta ce, "To ajiye. Ƙwai ba shi da laifi. Amma ka sani, in ya fashe na ga tsaka, ni da ita ne."

Na ce ai da saura, sai bayan Hajji da daɗewa. Na ajiye kular a kusurwa, ƙarƙashin inda iskar mukayyif ke sauka. Sannan na gyara murya na saki Hausata.

"Sitti, kwanci suke yi. Ki kula mini da kwancin kawai, don Allah, kada ya lalace."

Fuskarta ta sake. "Au, kwanci ne? Ai sai ka faɗa. Ni da na yi kiwon kaji tun ubanka bai san hanyar masallaci ba. Je ka abinka."

Na fita ina jin kaina, wai na yi magana da kaka da Hausa tsantsa ta gane. Na tabbata na ce mata kada ta taɓa, amma ina jin da Larabci na faɗa, ina saka takalmi a bakin ƙofa, ita kuma tana neman murfin man zafinta.

Ranar Arfa, wanda ya taɓa aiki a wurin ya san ba a magana. Tun safe muna sauke katan-katan na ruwa, muna jera robobin shinkafa, wannan tanti ya ce bai samu ba, wancan ya ce an ba shi sau biyu. Zafi kamar ana hura maka wuta a fuska. Bayan azahar na samu 'yar inuwa a bayan motar sanyi, na kira ta in yi mata barka da rana in ji lafiyarta.

"Maigida, kana cikin masu addu'a ko masu shinkafa?"

"Masu shinkafa, Sitti. Ya gwiwa?"

"Gwiwa ta yi sauƙi tun da na kashe na'urar sanyin nan. 'Ya'yanka ma sun huta."

Na ce me?

"Kai wane irin kwanci ne a cikin sanyi? Na buɗe na taɓa, ƙwai kamar an ciro daga firij. Ai sai ya mutu. Na kashe, na lulluɓe kular da bargona mai kauri. Kuma kullum da safe ina juya su, tunda ba uwa. Kaza ai da baki take juya nata."

Na ɗaga kai. Gabana mutane ne fari fat iyakar gani, kowa hannu a sama, ni kuma ina riƙe da waya ina ganin ɗigon fensir yana kallon ƙasa. Ba hanyar fita. Ranar Arfa ba ka cewa bari in je Jarwal in dawo, ko tsuntsu ne kai sai ka nuna izini.

"Sitti, tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya, ko kafin nan. Me ya faru, muryarka ta canza?"

"Wannan ƙwan ba ya son ɗumi. Sanyi yake so. Kuma ba a juya shi."

"Kai ka ce kwanci."

"Na ce, amma ba irin na kaza ba."

"To kwanci iri nawa ne? Kwanci ai ɗumi ne, ɗan nan. Abin da ba a ɗumamawa ba a juyawa, wannan ajiya sunansa. Da ka ce in ajiye maka, da ban ko kalle shi ba."

Ajiya. Kalmar da na sani tun ina yaro, kullum Umma na cewa ajiye wannan, ajiye wancan. Na tsallake ta na je na ɗauko babba don in burge.

Layin yana yankewa, ana kirana daga tanti. Na roƙe ta ta kunna mukayyif, ta cire bargon, kada ta ƙara taɓa komai. Ta ce gwiwarta fa? Na ce ki lulluɓe gwiwar da bargon, Sitti, don Allah. Ta yi tsaki ta ce miji ya zaɓi tsaka a kan matarsa. Amma kafin layin ya mutu na ji ƙarar na'urar ta tashi.

Sauran kwanakin aikin na yi su ne kamar ba ni ba. Ina miƙa wa alhaji ruwa ina lissafin zafin ɗakin Sitti da rana tsaka in ba mukayyif. Ɗakinta a saman bene yake, bangon yamma. Na san abin da zai iya kaiwa. Na tambaya a gurub, wani ya ce ka yi haƙuri kawai, wani ya ce kada ka zubar, ƙwai ba ya mutuwa sai ya yi wari ko ya yi fumfuna. Na riƙe maganar na biyun don ita ta fi mini daɗi.

Da aka sallame mu, ko wanka ban yi ba na wuce Jarwal. Na tarar da ita cikin bargo har wuya, mukayyif na ta aiki, tana hararata.

"Ga gawar matarka nan, sanyi ya kashe. Je ka duba 'ya'yan."

Na buɗe. Na dama, ɗigon fensir ɗinsa ya koma gefe, kusan ƙasa. Na hagu kuwa ɗigonsa na nan a sama daram.

"Sitti, wannan ba ki juya shi ba?"

"Na yi na yi, ya ƙi. Da cokalin shayi nake yi, don yatsuna ba sa shiga murfin. Wancan da na taɓa shi sai ya mirgina. Wannan ya nutse a yashi, in na tura sai murfin duka ya zame. Na ce zauna, mai taurin kai, ka yi gadon maigidanka."

Na rufe labule na haska. Na hagu ya yi duhu a ciki, duhu mai kyau, irin na abin da ya girma ya cika wuri, da ɗan ja a gefe. Na dama ma akwai duhu, amma jan ya koɗe ya koma kamar ruwan shayi. Ban mayar da ɗigonsa sama ba, don an ce juyi na biyu ma wani dukan ne. Na bar shi yadda yake.

Alhazai suka tafi, muka koma Aziziyya, aka dawo mini da manyan daga Jidda. Amma ƙwan ban ɗauke shi ba, na ji tsoron ƙara motsa shi. Sitti ta ce ita ma yanzu tana son ta ga ƙarshen abin da ya sa ta kwana cikin bargo. Sai ya zama kusan kullum bayan la'asar ina Jarwal. In duba ma'auni, in ɗiga ruwa a tsakuwoyin, in zauna ta ba ni shayi. Tun da na tashi ban taɓa zama da ita haka ba. Ta ba ni labarin kajinta a gidan da suka fara zama kafin a rushe unguwar a yi otal-otal, yadda take saka wa kaza ƙwan zabuwa ta yi kwanci a kai, 'ya'yan su fito su ƙi jin kiran uwar. Ni kuma in gaya mata wannan tsakar ba ta da fatar ido, da harshe take wanke shi. Ta ce ƙarya nake. Na nuna mata bidiyo. Ta ce a sake.

"To uwar in ba ta kwanci, me take yi?"

"Tafiyarta take yi."

"Ba ta dawowa ta leƙa?"

"Abadan."

"Lallai. To wa ke gaya wa ɗan lokaci ya yi?"

Har yau ban sani ba.

Na daman ya fara yin tabo, sannan wani farin gashi-gashi ya fito masa. Na cire shi. Da na fasa a tsakar gida, akwai ɗan abu a ciki, ya fara zama tsaka, har wutsiyar ta fara faɗi, sai ya tsaya. Sitti ta ce in nuna mata. Ta kalla ta ce, "Cokalina ne." Na ce ko zafin ne, ko kuma dama can ba zai yi ba, ba wanda ya sani. Ta ce in haƙa a tukunyar na'ana'arta in rufe shi, kada in jefa a shara. Daga ranar ko na ce ta rage mukayyif ɗin kaɗan saboda ƙafarta, sai ta ce in bar mata kayanta.

Wata ya shige, wani ya kama. Na hagun yana nan kamar dutse. Na fara cire rai a ɓoye.

Shekaranjiya da hantsi ina aji, waya ta yi ta rawa a aljihu. Na fita na ɗauka.

"Maigida, ƙwanka ya fashe."

"Ya fito? Yana motsi?"

"Ba komai ciki. Ɓawo ne kawai ya rabe biyu. Sai wani ɗan busasshen ganye da ya faɗa cikin robar, ban san ta ina ya shiga ba. In cire?"

"Kada ki taɓa ganyen, Sitti. Rufe murfin. Ina zuwa."

Yadda na isa Jarwal ku tambayi mai tasi. Na tarar da ita a durƙushe gaban kular, ita da ke cewa gwiwa ba ta lanƙwasuwa, tabarau a hanci, silifa ɗaya a hannun dama. Na durƙusa gefenta na buɗe a hankali. Yana manne a bangon robar, kansa ƙasa, wutsiya sama, ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan ja, kamar an tsinke ganyen shayi an liƙa. Can sai ganyen ya zaro harshe ya shafi idonsa ɗaya.

Sitti ta ja numfashi. Na kalli silifan. Ita ma ta kalle shi, kamar ba ta san yana hannunta ba.

"Ka ce tsaka ce."

"Tsaka ce, Sitti."

"Ni na san tsaka. Tsaka ba ta da wannan idon." Ta ƙara matsawa. "Dubi yatsunsa, kamar na jariri. Ya ci abinci?"

"Ba ya ci yanzu, sai ya saɓule fatarsa ta farko."

"Daga fitowa sai canza riga. Ɗan Makka ne." Ta saka silifan a ƙafa, ta dafa kafaɗata ta miƙe. "Kwashe shi ka kai gidanku kafin in dawo hayyacina. Kuma ka kashe mini na'urar nan."

Yanzu yana ɗakina a 'yar robarsa, ya saɓule fatar ya cinye ta, abin da ni ma sai yanzu na gani da idona. Tambayoyi sun cika mini kai. Juyin ne ya kashe ɗan'uwansa ko zafi? In zafi ne, me ya sa wannan ya tsira, alhali kula ɗaya suke? Har na fara zargin bargon nan da na yi ta jin haushinsa. Ƙwan tsaka ba ya fitar da ɗumi, to bargo a kan kular soso me zai riƙe in ba sanyin da ke ciki ba? Wataƙila shi ya tare zafin ɗakin a kwanakin da na'urar take kashe. Na gaya wa Sitti a waya, ta ce ai dama ta sani. Ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, sai na gwada da ma'auni da kular da ba komai ciki.

Kuma macen ta sake yin nauyi, wuyanta ya cika fari. Wasu biyun na tafe. Sitti ta riga ta ce in mausim ya zagayo a kawo mata ajiya, ta ce in lura, ajiya ta ce.

To don Allah ku tura wannan gaba, gurub ɗin gida, na makaranta, 'yan'uwa na Kano da Damagaram da Sudan, ko'ina. Ko akwai wanda ya taɓa kiwon irin wannan tsakar a gari mai zafi ya gaya mini yadda yake yi, ko wani dattijo da ya san wata kalmar Hausa ta ƙwan da ke ƙyanƙyashewa ba ɗumi ba juyi, in akwai ta. Wanda kuma zai bar wa kakarsa ƙwai ya tafi aiki, ya karanta tukuna. Ku tura.